Tashar Makka a Ɗakin Takaba

Har Babanmu ya bar duniya, talabijin bai taɓa kwana a gidansa ba. Ba wai ya haramta wa kowa ba ne, shi dai cewa yake akwatin nan yana koya wa mutum zaman banza, kuma shi da yake tsaye a rumfar yadi tun hantsi har la'asar ba zai dawo gida ya tarar da mutane sun saki baki suna kallon bango ba. Rediyonsa ya ishe shi. Mu yara sai mu sulale gidan maƙwabta mu yi kallonmu, mu dawo muna wani sunkuyar da kai kamar daga islamiyya muke. Shi ya sa duk wanda ya ji cewa Innarmu, tana tsakiyar takabarsa, ta buɗi baki ta ce a sa mata talabijin a ɗaki, sai ya riƙe haɓa. An yi maganar a unguwa, na kuma san waɗanda suka yi ta. Har yau ina gaishe su, amma gaisuwar iya baki ce.

A Makka Baba ya rasu. Ya yi tsayuwar Arfa, ya yi jifa, ya yi ɗawafi, har ya fara sayen tsaraba, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Mijin maƙwabciyarmu, wanda suka tafi a jirgi ɗaya, shi ya bugo wa Yayana waya. Ya ce an yi masa sallah a Harami, an kai shi makwancinsa a can. Masu gaisuwa suka cika gida, kowa bakinsa ɗaya: Alhaji ya dace, Alhaji ya yi sa'a, wa zai samu irin wannan cikawa. Na san gaskiya suke faɗa, ban musa ba. Amma Allah ya sani, duk wadda ta faɗa tana murmushi sai in ji kamar in tashi in bar mata ɗakin. Kuma wannan Alhajin da suke ta kira, mu ba mu san shi ba. Malam ne ya fita daga gidan nan, bai dawo ba balle bakinmu ya saba da sabon suna.

A wurinmu idan mutum ya rasu, bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, kafin a fita da shi sai a kira iyalinsa. Matarsa ta durƙusa wajen kansa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa, ita ma ta roƙi yafiyarsa. Daga nan maza su ɗauka, kuka ya ɓarke, kowa ya san an rabu. Inna ta sha riƙe hannun wasu matan ta kai su wannan durƙuso, ta dawo da su tana ba su baki. Da nata ya zo, ba wanda ya kira ta. Ba gawa, ba makara, ba ƙamshin turaren wanka a tsakar gida. Labari ne kawai ya zo ta waya, aka shimfiɗa tabarmi.

Abin da ya fi ci mata rai kuwa, sai daga baya ta gaya mini. Kowa ya san maniyyaci kan zagaya ya nemi yafiya kafin ya tafi. Baba ya zagaya dangi, ya je har Diko wurin ƙanwarsa, ya bi abokan kasuwa rumfa rumfa. Ita ya bar ta sai ƙarshe, ita ma ta bar shi sai ƙarshe, don mutane ne da ba su saba irin wannan magana a tsakaninsu ba. Aka kira su sansanin alhazai, muka yi rakiya da koke-koke, jirgi bai samu ba, ya dawo gida ya kwana. Aka sake kira, ya sake dawowa da jakarsa, har abokansa na masallaci suna tsokanarsa da sannu da zuwa, ina dabinonmu. Da aka kuma kira, Inna tana madafa tana tuƙa tuwo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce to, shi zai tafi. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce a dawo lafiya, za ta ajiye masa nasa. Ta kuwa ajiye, ta rufe da faifai. A ranar jirginsu ya tashi.

Ni aure nake a Sabon Wuse, maigidana ya ce in zo in zauna da ita har ta ɗan samu kanta. Abin da na tarar ya ba ni tsoro. Inna ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya. Tana amsa gaisuwa, tana jan carbi, tana cewa amin. Abinci kuwa sai ta sa hannu ta cire, ta ce ta ƙoshi. Zobenta ya fara yawo a yatsa. Kullum da asuba sai ta cika butar Baba da ruwa ta ajiye a gindin mangwaro, inda yake zama ya yi alwala, da yamma ta zubar, washegari ta sake cikawa. Na yi mata magana a hankali, na yi da faɗa, don ni bakina ba ya iya shiru. Sai ta dube ni ta ce ta sani, ba hauka take yi ba, hannunta ne ya saba. Na lura idan aka ci gaba a haka, kafin ta fita takaba mu ma za mu shimfiɗa wasu tabarmin.

Da alhazai suka dawo, maƙwabciyar nan tamu, wadda ita ma ta je tare da mijinta, yanzu ta zama Hajiya, ta shigo da jakar Baba da galan ɗin zamzam ɗinsa. Ta zauna tana ba Inna labari don ta kwantar mata da hankali. Ta ce a Harami kusan bayan kowace sallah sai an kawo mamata, da liman ya sallame sai ladan ya yi shela, duk wannan taron ya miƙe tsaye a yi musu sallah, maza da mata. Ta ce haka aka yi wa Malam, ita ma tana cikin sahu. Har ta ƙara da cewa ai ko a talabijin ana nunawa, akwai tashar da ba ta da wani aiki dare da rana sai nuna Ka'aba. Inna ta yi mata godiya, ta sa aka raka ta. Jakar ma ba ta buɗe ba.

Bayan kwana biyu ina taje mata kai sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko gaskiya ne ana ganin wurin kai tsaye, a daidai lokacin da ake yi. Na ce haka ne. Sai da na gama gefe ɗaya, sannan ta ba ni labarin tuwon nan da ta rufe da faifai. Ta ce ta san mutum yana iya yafe wa mamaci daga ko'ina, ta kuma gwada, a kan sallaya, a kan gado, amma maganar ta ƙi fita, don ba ta san inda za ta fuskanta ba. Ta ce tana so ta ga inda aka ajiye shi aka yi masa sallah, ta ji shelar da kunnenta, ta tsaya a wurin ta faɗi abin da ke bakinta. Sai ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa yaron nan ya sa mata talabijin, amma kada in kuskura in gaya masa dalili.

Yaron nan shi ne Yayana, mutum mai furfura a gemu da ’ya’ya huɗu. Shi ne ɗan farinta, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama ta yi hira da shi. Idan ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, duk wani saƙo sai ya bi ta kaina ko ta kan matarsa. A sashen gaba na gidan yake zaune, amma ganinsa sai Asabar da Lahadi, don a Abuja yake aiki. Da an sallame asuba ya fita neman mota, ba ya dawowa sai ya gama shan cunkoson hanya. Da na isar masa da saƙon, sai da ya maimaita tambayata ko na ji da kyau. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa kaɗaici ne yake damun ta, tana son abin da zai ɗebe mata kewa. Ya ma ji daɗi, ya ce alama ce ta sauƙi.

A unguwarmu hanyar samun tashoshi biyu ce. Ko ka kafa dish naka, farantin nan da ake ɗaurawa a bango ya kalli sama ya kamo tashoshi, ko ka ja kebul. Akwai wani mutum a bakin titi da ya jera manyan faranti a kan shagonsa, daga nan yake raba waya gida gida, ana biyan sa duk wata. Wayoyinsa sun bi kan katangu da sandunan wuta sun cika lungu. Yaya ya ce kebul za a ja. Wayar tana wucewa ta bayan katangarmu, ba huda bango, ba hawa rufi, ga tashoshin finafinan Hausa da za su sa Inna dariya, ga na yara. Na ce a sa dish, a kamo tashar Makka kawai. Ya ce ai mai kebul ma yana da ita, ya tambaya. Na ce abin da ke hannun wani ba naka ba ne. Ya ce ni dai tun ina yarinya in ba a yi gardama da ni ba ba na jin daɗin abinci. Da yake an ɗaure mini baki, ban da abin da zan kare kaina da shi, sai na yi tsaki na tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Wata Asabar da safe ya shigo da talabijin a kwali, aka ja waya ta taga, aka kunna. Inna ta sa aka ɗora shi a bangon gabas, ta ce ba za ta zauna ta ba Ka'aba baya ba. Da hoton ya fito, ga ɗakin Allah, ga mutane farare suna zagayawa, sai ta janye ƙafafunta da ta miƙe ta tanƙwashe su. Ba ta yarda ta fara a lokacin ba. Ta ce sai sallar magaribarsu, don Hajiya ta ce bayan magariba aka yi wa Malam. Da yake suna gaba da mu a lokaci, magaribarsu tana faɗowa ne muna tsakiyar la'asar, rana ba ta ko yi ja ba. Ta yi wanka, ta yi alwala, ta sa hijabinta, ta ce in sallami yara in saki labule. Muka zauna mu biyu. Aka kira sallah a can, aka tayar, liman ya yi karatu. Ina jin numfashinta daga inda nake.

Suna zaman tahiya na ƙarshe hoton ya yi tsalle. Sai ga fili kore shar, ga ƙarti da gajerun wanduna suna bin ƙwallo, wani yana ta ihu da Turanci. Na danna rimot, na koma baya, na zo gaba, babu Makka babu alamarta. Daga lungu muka ji samari sun kwashe da sowa. Inna ta daɗe tana kallon filin nan kamar ba ta gane abin da take gani ba. Sannan ta cire hijabin ta ninke, ta ce in kashe. Ranar ko ruwan koko ba ta sha ba.

Ban san lokacin da na zari mayafi na isa shagon mai kebul ba. Na tarar da shi cikin wayoyi da na'urori, na buɗe masa wuta, na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Bawan Allah ya bar ni na gama, sannan ya ce in yi haƙuri. Na'urorinsa ba su da yawa, ranar da ake ƙwallo dole ya cire wata tashar ya sa wasan, in ba haka ba masu biyan sa su cinye shi ɗanye. Tashar Makka yake cirewa don ita ce ba wanda ya taɓa zuwa ya yi ƙorafi a kanta. Ya ce da an tashi wasa zai mayar, gobe ma in ba wasa tana nan. Ba mugu ba ne, na gane haka tun ina tsaye, amma ban ba shi haƙuri ba sai bayan wata da watanni. Na dawo na gaya wa Inna cewa ranar Litinin ba ƙwallo, sai mu sake zama. Ta girgiza kai.

“Ba zan fara magana da Malam wani ya katse ni ba,” in ji ta. “A cire wayar nan.”

A zaure na tare Yaya. Yana cewa ai abin na kwana ɗaya ne, tsofaffi sai haƙuri, sai kawai na fasa ƙwan. Na gaya masa komai, da tuwon, da butar, da shelar da take jira, na ce ita ba fim take nema ba, mijinta take nema ta sallama. Na karya alƙawarin da na yi mata, kuma ko yau aka mayar da ni wurin zan sake karyawa. Yaya ya jingina da bango. Shi ne ya kai Baba sansani a tafiyar ƙarshe, ya sauke shi a bakin ƙofa ya juya da sauri don ya koma wurin aiki, shi ma yana zaton da yamma zai dawo ɗaukar sa. Wannan ban sani ba sai a zauren nan. Sai ya ce gobe zai zo da mai haɗa dish.

Mai dish ya zo da farantinsa da ’yar na'urar da yake gwada sigina. Ya ce tashar da muke so sai farantin ya kalli gabas, kuma ba abin da zai shiga tsakaninsa da sama. Ya gwada a sashen Yaya, benen maƙwabta ya tare. Ya gwada bayan ɗakin girki, haka. Wuri ɗaya ya rage, saman bangon ɗakin Inna, nan ma na'urar ta ɗan motsa ta tsaya. Ya ɗaga kai ya nuna babban reshen mangwaro da ya miƙo ta kan rufin, ya ce in aka sauke wannan an gama.

Mangwaron nan Baba ya dasa shi shekarar da aka haifi Yaya, daga wata gona a wajen dutsen Zuma ya taho da dashen. A inuwar wannan reshen yake shimfiɗa buzunsa, nan yake alwala, nan yake jin labarai, nan ya koya mana Fatiha. Yaya ya ce a'a. Ya ce a nemo dogon ƙarfe a ɗaga farantin sama da bishiyar, ko a roƙi masu bene a kafa a nasu a jawo waya, ko a bari sai wani satin a sake shawara. Mai dish ya ce dogon ƙarfe iskar damina za ta riƙa kaɗa shi, hoto ba zai zauna ba. Ni kuma na ce wani satin wa ya san wanda zai kai. Muka kaure a tsakar gida, ni da shi, a gaban baƙo. Yana cewa ba zai sa gatari a abin da Baba ya dasa ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ni ina cewa wane kabari, ka gan shi? Da na faɗi haka na ga fuskarsa ta canza, na kuma ji zafin maganar a nawa ƙirjin.

Sai labulen ɗakin Inna ya motsa. Ba ta fito ba, saboda baƙon namiji, amma muryarta ta fito sarai, kuma ba da ni take ba.

“Kai,” ta ce. “Da kai nake. Reshe ne, zai sake tofowa. Ka sare mini shi.”

Tunda nake ban taɓa jin ta fuskanci Yaya da magana haka ba, shi ma na tabbata bai taɓa ji ba. Ya durƙusa a inda yake, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ce to, Inna. Mai dish ya ce zai kira masu sara, Yaya ya ce ba wanda zai hau bishiyar nan sai shi.

A Suleja ta cikin gari, namiji ba ya hawa bishiya ko rufi haka kawai, don daga sama ana hango tsakar gidajen mutane, mata suna wanki, suna daka, wata ko ɗankwali babu. Sai an aika an sanar, sannan mai hawan ya ɗaga murya ya yi sallama. Duk shekara idan mangwaro ya nuna Baba ne yake yin wannan shelar, da wata irin murya da duk lungun ya sani, mata su shige ɗaki suna dariya don sun san anjima za a aiko musu da rabonsu. Matar Yaya ta leƙa gidajen ta faɗa. Yaya ya tuɓe riga ya rage singileti, ya rataya adda, ya dafa gindin bishiyar. Ya ce, “Salamu alaikum, za a hau sama!” Muryar Baba ce sak, har inda take karyewa. Na ji wata tsohuwa a gidan baya ta yi salati. Ni kam na juya na shiga madafa, na tsaya ina kallon tukwane.

Ya daɗe yana sara, don hannun ofis ne, har tafinsa ya yi bororo. Da reshen ya faɗo sai haske ya cika tsakar gidan, wurin ya zama kamar ba namu ba. Butar Baba tana nan a gindi, ganye ya rufe ta, na ɗauke na karkaɗe na mayar. Mai dish ya huda bango ya ɗaure farantinsa, ya yi ta juya shi kaɗan kaɗan yana tambaya ta taga, har na ce masa ya tsaya, ga ta nan. Ya ɗaure ƙusoshi, ya gargaɗe mu cewa in hadari ya yi nauyi hoton zai riƙa ɗaukewa har ya wuce, wannan kam ba mai iya hana shi. Na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa baƙi ta wajen Zuma. Na ce a raina, ya Allah, ba yau ba.

Wuta ba ta nan, Yaya ya tayar da ƙaramin janareta ya ja shi can ƙofar gida don kada ƙara ta dame ta. Inna ta sake wanka, ta sake alwala, ta sa hijabin nan da ta ninke. Na tashi zan saki labule sai ta ce in bar shi a ɗage. Yaya yana zaune a dokin ƙofa, bayansa a jikin bango, hannunsa naɗe da tsumma. Ba ta ce ya shigo ba, ba ta kuma ce ya tafi ba.

Aka yi magaribar Makka muna zaune. Iska ta taso, ƙofar langalanga tana bugawa, hoton ya ɗan daddatse ya dawo. Liman ya sallame. Aka ɗan yi shiru, mutane suna ta motsi, har na fara tsoron ko yau ba a kawo kowa ba. Sai muryar ladan ta fito, gajeriyar shela, ba irin kiran sallah ba. Duk taron nan ya miƙe.

“Ita ce?” Inna ta tambaye ni.

Na ce ita ce.

Ta dafa gwiwa ta tashi, ta ƙi in taimaka mata. Ba sallar ta bi ba, ta san ba a bin liman ta talabijin, ta dai matsa kusa ta tsaya, hannayenta a sake. Ba a nuna mamatan ba, sahu kawai ake nunawa, mutane tsaye ba ruku'u ba sujada, liman yana kabbara yana yin shiru. A cikin shirun nan ta yi magana, da muryar da take yi masa magana idan ta kawo masa abinci.

“Malam, ni ce. Ranar nan ban juyo ba, na ɗauka za ka dawo. Na yafe maka duniya da lahira. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini. Allah ya haɗa mu.”

Liman ya yi sallama. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, kukan ya zo mata gaba ɗaya, irin wanda ake yi lokacin da maza suka ɗaga makara. Na rungume ta ina yi, Yaya yana yi a bakin ƙofa bai ko rufe fuska ba. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Muna cikin haka ruwan ya sauko, hoton ya ɗauke, ba wanda ya kula.

Da ruwan ya tsagaita, an kusa kiran tamu magaribar, ta share fuska ta fita tsakar gida. Ta bi ta gefen reshen da ke kwance, ta ɗauki butar Baba, ta juye ruwan a gindin mangwaron. Na zaci za ta ajiye ta a inda ta saba. Sai ta miƙa wa Yaya, hannu da hannu, ta ce in zai tafi masallaci ya tafi da ita ya bar ta can, masu alwala su riƙa amfani da ita. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko akwai sauran tuwo.